Na'urar "kwantum" mai duba cututtuka: ina kimiyya ta tsaya, ina ciniki ya fara?

Shin da gaske ne jikin ɗan Adam yana aiki da ƙa'idojin kwantum, wato ƙa'idojin kimiyya da ke bayyana halin abubuwa mafi ƙanƙanta? Idan haka ne, ashe na'urar nan da ake yawo da ita a unguwannin Yamai, wadda ake cewa tana karanta lafiyar hanta da ƙoda da ƙashi cikin minti ɗaya, tana da tushe ke nan? Tambayar ta ƙara ƙarfi tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantum, kyautar Nobel ta fiziks ta shekarar kuma ta tafi ga mutum uku da suka yi aiki a fannin. Masu talla sun samu abin kafa hujja: ga shi duniya ma ta shaida.

Wanda bai taɓa ganinta ba, ga yadda abin yake. Ɗan akwati ne da ake jonawa da kwamfuta, da wani guntun ƙarfe da ake damƙa wa mutum a hannu. Mai na'urar zai rubuta sunanka da shekarunka da tsawonka da nauyinka, sannan ya ce: "Alhaji, a cire agogo, a ajiye salula, kada a yi magana." Layuka masu launi su yi ta gudu a fuskar kwamfuta. Kafin ka gyara zama an fito da shafuka rututu, wasu lambobin an yi musu ja. "Ka gani nan? Jininka ya yi kauri, ƙodar ma ta fara gajiya." Kuɗin dubawa ƴan jikkuna ne. Cinikin yana cikin jakar magungunan da za a buɗe daga baya.

Rabin tambayar na farko amsarsa e, na biyu kuwa a'a. Waɗanda suka fi kowa sanin dalili su ne masanan da ke leƙa cikin molekul da walƙiyar leza mai matuƙar gajarta.

## Wane irin gajeren lokaci ake nufi?

Molekul shi ne tarin ƙwayoyin zarra da suka sarƙe suka zama abu guda, kamar ruwa ko sukari ko sinadarin da ke sa ganye ya yi kore. Ƙwayoyin ba a tsaye suke cak ba, kullum cikin karkarwa suke, kuma karkarwa ɗaya takan ɗauki femtosakan goma zuwa ƴan ɗaruruwa.

Ga femtosakan: a raba sakan ɗaya gida miliyan, a ɗauki ɗaya a sake raba shi gida miliyan, a ɗauki ɗaya a kuma raba shi gida dubu. Yawan femtosakan da ke cikin sakan guda ya kai yawan sakan da ke cikin shekara miliyan 32. Haske, wanda ke cin kilomita 300,000 a sakan, idan aka ba shi femtosakan 100 ba zai ƙetare kaurin silin gashin kai ba. Femtosakan dubu shi ne fikosakan ɗaya. A ƙasa kuma akwai atosakan, kashi ɗaya cikin dubu na femtosakan, wanda da shi ake bin sawun elektron, ɗan ƙaramin abin da ke kewaya tsakiyar ƙwayar zarra. Pierre Agostini da Ferenc Krausz da Anne L'Huillier sun samu Nobel ta 2023 saboda samar da walƙiya mai wannan gajarta. A 2001 aka auna ta atosakan 250 da ta 650.

## Yadda ake kama abin da ido ba ya gani

Duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa lokacin gasar takobi ya san rigimar kaye. An kama, ƙura ta tashi, mutum yana ƙasa. Rabin fili na cewa gwiwar wancan ce ta fara taɓa ƙasa, rabi na rantsuwa ba haka aka yi ba. Sai an maido hoton talabijin a hankali ake ganin inda ƙafa ta shiga. Masana sinadarai sun daɗe a irin wannan hali: sun san abin da aka haɗa, sun san abin da ya fito, tsakiyar kuwa sai hasashe.

An fara rage duhun ne wajajen 1950, lokacin da Ronald Norrish da George Porter a Ingila suka yi amfani da fitila mai walƙiya. Leza ta zo a 1960, walƙiyar ta yi ta gajarta. Wanda ya kai abin ga femtosakan ɗan Afirka ne, Ahmed Zewail na Masar, wanda ya yi karatu a Iskandariyya kafin ya koma jami'ar Caltech a Kalifoniya. A 1987 shi da abokan aikinsa suka bi wani ƙaramin molekul mai ɗauke da aidin har suka ga tsinkewarsa, cikin kusan femtosakan 200. Wannan aiki ya ba shi Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1999.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta, aikinta ne mai wuya. Teburin ƙarfe ne mai nauyin gaske, an ɗora shi bisa ƙafafu masu iska don kada takun mai wucewa ya girgiza shi, samansa cike da ƙananan madubai. Ana raba walƙiyar leza gida biyu. Ta farko ta bugi abin da ake bincike ta tayar da shi. Ta biyu an ƙara mata tsawon hanya, don haka takan iso a makare, ta leƙa halin da ake ciki. Da yake babu agogon da zai iya ƙirga irin wannan lokaci, tazarar madubi ce agogon: a ja madubi baya da mikiromita 15 (mikiromita kashi ɗaya ne cikin miliyan na mita), walƙiya ta biyu ta makara da femtosakan 100, tunda zuwa da dawowa za ta yi. A sake ja, a sake aunawa, sau dubbai.

Abin da ake samu ba hoto ba ne irin na salula. Kowace siffa da molekul ya ɗauka tana da launukan hasken da take shanyewa, don haka daga launin da ya ɓace ake gane siffar da yake ciki a wannan lokaci. Karanta abu ta launin hasken da yake sha shi ake kira sifektiroskofi.

## Kwantum ɗin fa?

Ƙa'idoji ne da ke bayyana halin ƙananan abubuwa irin su elektron. Max Planck ya buɗe ƙofar a 1900, Werner Heisenberg da Erwin Schrödinger suka gina ginshiƙin a 1925 da 1926. Abubuwa uku ne suka shafi maganarmu. Ƙarfi yana zuwa ne ƙunshi-ƙunshi. Ƙunshin haske ɗaya shi ne foton. Ƙaramin abu yana iya ratsa shingen da a lissafin yau da kullum ba shi da ƙarfin tsallake shi. Sannan yana iya kasancewa cikin haɗakar hali biyu ko fiye a lokaci guda, muddin kaɗawar halayen na tafiya tare ba ta rikice ba. Wannan na ukun, daidaituwar kaɗawa, shi ne ake rigima a kansa.

A nan ne masu talla ke shigar da wayo. Cewa jiki na aiki da kwantum gaskiya ce, amma haka gishiri yake, haka dutse, haka batirin mota. Duk abin da ke da ƙwayoyin zarra ƙa'idojin nan ne ke riƙe da shi. Tambayar da masana ke yi ta fi haka ƙunci: shin akwai inda halitta mai rai ke cin moriyar daidaituwar kaɗawa kafin ta rushe? Domin abu ne mai saurin rushewa. Zafi na rusa shi, karo da molekul ɗin ruwa na rusa shi. Shi ya sa yawancin kwamfutocin kwantum da ake gwaji ake sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifiri. Jikin mutum kuwa digiri 37 ne, kuma fiye da rabinsa ruwa.

## Inda babu gardama: ido da fata

Abin da babu gardama a kansa shi ne saurin da wasu molekul na jiki ke amsa haske. A bayan ido akwai wani furotin mai suna rodofsin, a cikinsa kuma ɗan molekul da jiki ke ƙerawa daga bitamin A. A lanƙwashe yake zaune. Foton ɗaya na bugunsa sai ya miƙe, wannan miƙewar ce mafarin gani. A 1991 masana a Berkeley ta Amurka suka auna ta: femtosakan 200. Saurin yana da amfani, domin molekul ɗin na gama miƙewa kafin ƙarfin hasken ya tsiyaye ya zama zafi, kuma cikin bugu uku kusan biyu na cin nasara. Wanda ba ya samun bitamin A yadda ya kamata, wannan molekul ne ke ƙaranci a idonsa, sai dundumi ya kama shi da magariba. Maganin yana cikin hanta da zogale da karas da mangwaro da manja, da ɗigon da ake ba yara a lokacin rigakafi.

Fata ma haka. Hasken rana na ɗauke da wani ɓangare da ido ba ya gani wanda ke iya lalata DNA, sinadarin gado da ke cikin ƙwayoyin jikinmu. Awon da aka yi wajajen 2000 ya nuna cewa tubalan DNA na zubar da ƙarfin wannan haske su mai da shi zafi cikin ƙasa da fikosakan ɗaya. Da ba don wannan hanzari ba, da ɓarnar ta fi haka nesa ba kusa ba. Jefi-jefi kuma abin ya kuɓuce, tubali biyu su manne da juna, shi ma cikin kusan fikosakan ɗaya; irin wannan tabo idan ya taru shi ke kai wa ga sankarar fata. Baƙin sinadarin fatarmu, melanin, garkuwa ce da ke shanye hasken kafin ya isa. Wannan ne dalilin da ya sa zabiya ke cikin haɗari a ranar Sahel, kuma abin dubawa ne ga masu shafe-shafen man sauya launi.

## Rigimar ganye

Ganye na da dubban molekul masu kama haske, su miƙa ƙarfin daga wannan zuwa wancan har ya isa wata cibiya inda ake fizge elektron cikin ƴan fikosakan. Idan hasken ba shi da yawa, kusan kowane foton da aka kama yana isa cibiyar. Masana sun daɗe suna mamakin wannan ƙwarewa.

A 2007 tawagar Graham Fleming a Berkeley ta fitar da sakamako a mujallar Nature. Sun ɗauki wani furotin mai miƙa haske daga wata ƙwayar bakteriya, suka sanyaya shi zuwa digiri 196 ƙasa da sifiri, suka buge shi da walƙiya. Siginar da ta fito tana hawa da sauka a tsare har tsawon femtosakan 660. Suka fassara wannan da cewa ƙarfin hasken ba ya tsalle daga molekul zuwa molekul, yana bazuwa ne a kansu gaba ɗaya, yana gwada hanyoyi da dama a lokaci guda. A 2010 wata tawaga a Kanada ta ba da rahoton irin haka a gansakukar teku, kuma a zafin ɗaki. Jaridu suka ɗauka: tsirrai kwamfutocin kwantum ne. Littattafai suka fito, masu sayar da sarƙoƙi da kwalaben ruwa na "kwantum" suka samu taken talla.

Sai dai tun da wuri akwai masu ja. Hujjarsu ita ce, ƙwayoyin zarra na molekul ɗin ma ai karkarwa suke, kuma karkarwar na iya haifar da hawa da sauka iri ɗaya a sigina. Wajajen 2013 lissafi ya nuna haka na yiwuwa ƙwarai. A 2017 wata tawaga a Hamburg ta Jamus ta sake auna furotin ɗin a zafin ɗaki, ta ce daidaituwar kaɗawar elektron na mutuwa cikin kusan femtosakan 60, alhali miƙa ƙarfin na ɗaukar fikosakan. A 2020 gungun masana daga ƙasashe da dama suka yi bitar duk abin da aka tara, suka ce doguwar kaɗawar da aka gani yawanci ta karkarwar ƙwayoyin zarra ce.

Ba a rufe babin ba. Wani ɓangare na cewa haɗuwar karkarwar da halin elektron tana taimaka wa ƙarfin ya sami hanya, kuma ita ma ai kwantum ce. Wasu kuma sun juya maganar gaba ɗaya: hayaniyar zafi da ruwa da ake ɗauka cikas ce, ita ce ke tura ƙarfin gaba don kada ya maƙale. A ganina wannan na biyun ya fi ban sha'awa, ko da yake bai kai na farko daɗin kanun labari ba. Abin lura shi ne, labarin 2007 ya zagaye duniya, gyaran 2020 kuwa da ƙyar ya fita daga mujallun masana.

Akwai wani ruɗanin kuma. Jin cewa ganye na cin moriyar kusan duk hasken da ya kama na sa wasu su ɗauka gona ma haka take. Wancan lissafin matakin farko ne kawai. Daga hasken da ke sauka a gona zuwa kara da zangarniya, iyakar abin da lissafi ya yarda da shi kusan kashi 6 cikin ɗari ne ga irin su gero da dawa da masara, kashi 4.6 ga irin su shinkafa da wake, kuma a zahiri kashi 1 zuwa 2 ake samu. Da tsakar rana ganyen ma da gangan yake zubar da rarar haske don kada ya ƙone. A 2016 masana a Amurka suka sauya ƙwayoyin gadon taba don ta riƙa saurin daina wannan zubarwa idan inuwa ta zo, yabanyar ta ƙaru da kusan kashi 15 cikin ɗari. Sakamako ne mai kyau. Amma geron Ader ba haske ya rasa ba. Ruwa ya rasa, da taki, musamman fosfat, wanda ga shi kwance a ƙasar jihar Tahoua.

Tsuntsaye masu ƙaura ma suna cikin zancen. Tun 1978 Klaus Schulten ya kawo ra'ayin cewa wasu elektron biyu da haske ya raba na iya jin maganaɗisun duniya, tsuntsu ya gane hanyarsa da shi, kuma a 2021 aka nuna cewa wani furotin daga idon wani ɗan tsuntsun Turai na amsa maganaɗisu a cikin kwalbar gwaji. A cikin kwalba, ba a cikin tsuntsu mai rai ba. Kada wani ya ce an gano sirrin shamuwa.

## To, na'urar fa?

A jera abubuwan da ake bukata kafin a ga alamar kwantum a furotin guda: a ciro shi a tsarkake, a sa a gaban leza mai tsadar gaske, sau da yawa a daskarar da shi, a maimaita awo sau dubbai. Bayan duk wannan, alamar na rayuwa ƙasa da fikosakan, a fili da bai wuce ƴan nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na mikiromita), kuma masana sun shafe fiye da shekara goma suna gardamar ma'anarta. Babu hanyar da irin wannan alama za ta taso daga hanta, ta ratsa nama da jini, ta fito tafin hannu, ta shiga guntun ƙarfe. Babu kuma wani sahihin bincike da ya nuna na'urar na gano cuta.

Mai shakka ya gwada da kansa: ya je sau biyu, ya ba da shekaru da nauyi daban, ya kwatanta takardun.

Na'urorin asibiti masu dogaro da ƙa'idojin kwantum suna nan, kuma ba sa fariya da sunan. Babban injin ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu yana aiki ne da halin ƙwayoyin haidurojin na ruwan jiki. Ɗan abin da ake maƙala wa yatsa don auna iskar jini sifektiroskofi ne tsantsa: yana haska launi biyu, ya duba wanne jini ya fi sha. Kowannensu abu ɗaya takamaimai yake aunawa. Haɗarin na'urar unguwa ya wuce asarar jikkuna. Mai ciwon suga ko hawan jini zai iya ajiye maganinsa saboda takarda ta ce lafiya lau yake, mai ciwon hanta kuma ya ɓata watannin da ya kamata a ce an yi masa gwajin jini.

## Inda abin zai taɓa aljihunmu: farantin sola

Tun lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya na wasu watanni daga Agustan 2023, farantin sola ya zama kayan gida a Yamai. Ga tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30, ga ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Ba baƙon fanni ba ne a ƙasar nan: Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tessaoua wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa daga 1969 zuwa 1985.

Farantin da ke kasuwa yana mai da kusan kashi 20 zuwa 23 cikin ɗari na hasken rana wuta. Babban ɓangare na asarar yana faruwa ne cikin fikosakan na farko: foton mai ƙarfi ya bugi elektron, elektron ya ɗauki abin da yake bukata, rarar ta zama zafi kafin a ce kwabo. Tun 1961 William Shockley da Hans Queisser suka lissafa iyakar faranti mai shimfiɗa ɗaya, wadda ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Masu walƙiyar leza na neman hanyar zagaye wannan iyaka. An gano wasu molekul, irin su fentasin, da ke raba ƙarfin foton ɗaya gida biyu cikin kusan femtosakan 80, kafin zafi ya cinye shi. Akwai kuma sinadarin ferobskait, sabon kayan haɗa faranti, wanda ya tashi daga kashi 3.8 a 2009 zuwa sama da 25 a ɗakin gwaji, idan aka ɗora shi kan silikon kuma an haura 33.

Sai dai ferobskait na da dalma a ciki, kuma zafi da laima na lalata shi. Abin da ya yi fice a ɗakin gwaji a Turai bai tabbata zai jure watan Afrilu a Tahoua ba, ga ƙurar hunturu. Afirka har yau ba ta da babbar cibiyar samar da haske mai ƙarfi don leƙa cikin molekul irin ta Hamburg ko ta Stanford a Amurka, ko da yake tun taron Grenoble na 2015 ake fafutukar kafa ɗaya. Amma gwajin juriyar sabon faranti a rana da ƙura ba ya bukatar irin wannan cibiya, aiki ne da jami'o'inmu za su iya, kuma masu ƙera kayan na bukatar sakamakon.

Kafin nan, mai sayen faranti yau ya san cewa ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, farantin silikon na rasa kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari. Idan ya kai digiri 65 a kan kwano da azahar, an yi asarar kashi 12 zuwa 16 ke nan tun ba a yi maganar ƙura ba. Lambar tana cikin takardar bayanin kaya, kuma mai kafawa ya bar tazara tsakanin faranti da kwano don iska ta riƙa ratsawa.